Tsiron da Saiwarsa ke Kallon Sama

A hanyata ta komawa gida daga makarantar da nake koyarwa a Kwanyawa na tsince shi. Masu katako ne suka kayar da wata tsohuwar giginya a bakin rafi, suka tafi cin abinci suka bar ta kwance ta tare rabin hanya. Mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya rage gudu zai kewaye ta, sai idona ya faɗa kan wani dunƙule da ke manne a wuyanta, can inda ganye ke farawa, wurin da idon mai tafiya a ƙasa ba ya kaiwa. Na ce masa ya tsaya.

Karare ne guda bakwai masu gaɓa-gaɓa kamar ƙananan rake, da ganye a kansu. A gindinsu wasu fararen saiwoyi sirara sun taru cunkus, kuma duk tsininsu sama yake kallo. Daga kan kara ɗaya wani reshe ya fito ɗauke da furanni ruwan ɗorawa, kowanne da ɗigo-ɗigon ja mai duhu, ga wani ƙanshi mai sanyi da ban taɓa jin irinsa ba. Lokacin sanyi ne, rabon ƙasa da ruwa ya kai wata uku, ciyawa duk ta bushe ƙayau, amma wannan abu yana can sama yana fure ba wanda ya sani. Na tsaya ina ta subhanallahi har mai babur ya tambaye ni ko lafiya. Da addar da masu katakon suka bari na ɓamɓare shi, na sa a buhu. Kafin mu iso Karaye iska da gargadar hanya sun kakkaɓe furannin, ko ɗaya bai rage ba.

Na duba a waya, na ga Turawa okid suke kiran irinsa, wai a jikin itatuwa yake rayuwa. Da idona na karanta haka. Amma na ɗauke shi na kai wa Baba, domin a lokacin in waya ta ce gabas Baba ya ce yamma a kan maganar shuka, to yamma zan bi ido rufe.

Ba ni kaɗai ba ce. Baba ya yi shekara sittin yana noman gero da dawa da gyaɗa a gonarmu ta Tudun Kaya, kuma duk unguwa an yarda hannunsa na da albarka. Dashen lemo ko gwaiba in ya fara yaushi, gidanmu ake kawo shi jinya. Ranar shuka ba mai jefa ƙwaya ɗaya a gonarmu sai Baba ya yi bismillah ya jefa a ramuka ukun farko, har maƙwabtan gona sukan miƙo ƙoƙon irinsu ya tsoma hannu. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, ido kuma ya yi rauni, sai yayana ya karɓi aikin gonar gaba ɗaya. Jefa irin farkon nan shi kaɗai ya rage wa Baba, kuma tun ana sauran wata guda yake fara zancensa.

Ya juya dunƙulen a hannunsa ya ce, “Uwata, wannan ai kauci ne.” Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

Na ce ba kauci ba ne, na kwashe labarin furannin na ba shi. Ya saurara irin sauraron da ake yi wa mai ba da labarin mafarki. Abin da ya dame shi daban ne. “Dubi saiwa duk a waje,” in ji shi. “Saiwa ai tsiraicin shuka ce, rufe ta ake yi.”

Ya sa aka kawo masa tsohuwar tukunya mai huji a gindi, ya cika ta da jar ƙasa, ya haɗa da taki mai kyau daga turken awaki, ya binne saiwoyin nan kaf, ya danne da dunduniyar hannu. Safe da yamma in ya gama alwala, ragowar ruwan butarsa a tukunyar yake ƙarewa, wani lokacin ya ƙara cikowa. Bayan kwana goma wasu fararen tsinaye suka huda ƙasar suka leƙo. Baba ya girgiza kai ya ce yunwa ce ta koro su, ya ƙara taki ya sake rufe su. Suka sake leƙowa, ya sake rufewa. Ina tsaye ina kallo.

Ganye ya fara yin rawaya. Gindin kararen ya yi baƙi, suka riƙa laushi ɗaya bayan ɗaya, in ka matso tukunyar sai ka ji wani tsami-tsami. Kafin bazara ta yi nisa saura biyu a tsaye.

Ni Allah ya yi ni da saurin fushi, kuma a wurin Baban na gado shi. Ranar na taso daga makaranta rana ta gasa ni, na biya ta gida, na kama kara ɗaya daga cikin matattun zan duba, sai ya zame ya biyo hannuna yana ɗoyi kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Ina ɗaga kai sai ga Baba tafe da buta cike da ruwa. Bakina ya riga hankalina.

“Haba Baba, don Allah ya isa haka! Abin nan da ransa na kawo shi. Wannan hannun naka ne ya kashe shi.”

Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ya ajiye butar a ƙasa a hankali, ya buɗe tafin hannunsa na dama ya duba shi, ya juya bayansa ya duba, sannan ya shige ɗaki. Inna tana bakin murhu, ta bi ni da wani kallo da har yau ban manta da shi ba.

Washegari na je na durƙusa na ba shi haƙuri har da hawaye. Ya ce, “Ba komai, uwata. Ai gaskiya kika faɗa.” Wannan amsa ta fi zagi zafi a wurina.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, yaya ya zo ya ce an gyara iri, an wasa sungumi, ruwa kawai ake jira. Baba ya ce bana ba da shi ba. Ya ce abin da ya rayu a kan giginya ba ƙasa ba ruwa, ya zo hannunsa ya mutu, to wannan hannun ba zai shiga ƙoƙon irin mutane ba. Yaya ya roƙa, Inna ta roƙa, abokansa na masallaci suka sa baki, ya kafe. Ya daina zama a dakalin ƙofar gida. Tuwon da yake cinyewa ya nemi ƙari ya koma taɓa kaɗan ya ture kwano. Ina kallon mahaifina yana raguwa a gaban idona, kuma na san maganata ce.

Inna ce ta ce, “In kin gama koke-koken, ki ɗauki abin nan ki kai wa kawunki. Ya fi kowa sanin abin da ke kan itace.” Ƙanenta ne, yana zaune a Beli ta ƙasar Rogo, sana'arsa ɗaurin amya da cin zuma. Rabin rayuwarsa a kan rassa ya yi ta.

Ranar Asabar na tono kararen biyu na sa a leda na kama hanya. Na same shi a ƙofar gida yana saƙar amya. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi gwiwar Baba, ya tambayi maigidana da yara da makaranta da zafi, ni kuwa duk na ƙagu. Da na zazzage ledar a gabansa ya ga jar ƙasa da taki manne a saiwoyin, sai ya ɗago.

“Wa ya yi wa wannan bawan Allah kabari?”

Na ce, “Baba ne.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, “Kawu, ni ba dariya ce ta kawo ni ba,” na faɗa masa abin da ya faru da abin da na ce. Nan take dariyar ta ɗauke. Ya ce, “Ke ma dai da baki. To, miƙo mini wuƙar can.”

Ya san shi sarai. Ya ce yana gamuwa da shi a kan giginya da ɗorawa a kurmin bakin rafi, amma yanzu sai an sha tafiya. Kauci, in ji shi, shan jinin itace yake yi, wannan kuwa wurin zama kawai yake ara, ba ya cin komai na maigida. Saiwoyin da ke kallon sama su ne kwandonsa. Da su yake tare busasshen ganye da kashin tsuntsu da raɓa, abin ya ruɓe a ciki ya ci. In an rufe su da ƙasa shaƙewa suke yi.

Ya ɗora wuƙar a kan garwashi, ya bari ta huce, ya riƙa yanke duk inda ya yi baƙi har ya kai wuri mai tauri, yana shafa toka a bakin yankan. Kara ɗaya ya jefar, ya ce wannan ya riga mu gidan gaskiya. Ɗayan ya kai shi hasken rana ya daɗe yana juyawa, sannan ya nuna mini wani ɗan kumburi a gindinsa, bai kai ƙwayar wake ba. “Kin ga idonsa nan. In wannan bai mutu ba, da sauran magana.”

Bai yarda ya ba ni in koma da shi ba. Washegari da kansa ya zo Karaye, da igiyar rama a aljihu. Tsakaninsa da Baba wasa ne tun ranar da aka kawo Inna gidan, don haka tun daga zaure ya fara.

“Salamu alaikum! Ina Alhajin da ya binne mai rai? An ce har da ta'aziyya ake karɓa.”

Baba ya amsa sallamar, ya yi masa sannu da zuwa, amma bai rama ba. Da can kafin Kawu ya faɗi ɗaya ya faɗi uku.

Kawu ya zagaya mangwaron tsakar gidanmu sau biyu, ya zaɓi wata gwafa daidai fuskar mutum, ta ɓangaren da ranar safe ke taɓawa ta wuce. Ya kwantar da karan a jikin ɓawo, ya yi masa ɗaurin amya, yadda iska ba za ta girgiza shi ba kuma igiya ba za ta shaƙe shi ba. Ya ce ba ƙasa, ba taki, ba buta. Kafin damina ta zauna Inna ta riƙa tsoma tsintsiya a ruwa da safe tana yarfa masa sau biyu, in ruwa ya sauka a bar shi da Mai shi. Sannan ya juya wajen Baba.

“Kai kuma, Alhaji, aikinka ɗaya ne, kallo. Hannu a baya.”

Baba ya ce, “Ai da ma.” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ruwa ya sauka, yaya ya jefa irin farko da hannunsa, Baba yana gida. Gonar kuwa ta yi kyau a shekarar, gero ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi. Zan faɗi wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai da na yi fatan a ce gonar ta ɗan gaza, ko da gefe ɗaya ne, don Baba ya ga ana bukatarsa. Na yi istigfari daga baya, amma na yi fatan.

Da yake ba shi da wurin zuwa, sai ya mayar da gindin mangwaron nan wurin zamansa. Sati uku ba abin da ya motsa. Karan ya ƙara yamushewa, ni har na fitar da rai, in na shigo gidan ba na ko duban wajen. Wata rana da la'asar ina gaishe da Inna sai na ji muryarsa, irin muryar da na kwana biyu ban ji ba.

“Uwata! Zo ki gani. Yi sauri.”

Na same shi tsaye, hancinsa ya kusa taɓa ɓawon itacen saboda raunin ido, hannayensa biyu a harɗe a baya. Ɗan kumburin nan ya fashe ya zama toho, daga ƙarƙashinsa kuma wata farar saiwa mai koren baki ta fito tana bin jikin ɓawo. Ashe ya kwana shida da ganinta bai faɗa wa kowa ba. Ya soka tsinken tsintsiya a ɓawon, nesa kaɗan da bakinta, yana jiran ya ga ko tafiya take yi. A ranar ta cimma tsinken.

Daga nan kullum da labarin da zai tare ni da shi. Wata rana hadari ya taso ina gidan, kowa na gudun kwashe shanya, shi kuwa ya riƙe ni ya ce in tsaya. Muka tsaya a gindin itacen ruwa ya fara sauka. Ɗigon farko da ya gangaro ta jikin ɓawo ya taɓa farar saiwar, sai ta rikiɗe ta koma koriya shar a gaban idona, tun daga gindi har baki, kafin in ƙifta ido sau uku. Baba ya ce in rana ta fito ta bushe, fara za ta koma, ya gani ya fi sau goma kuma har yanzu bai gaji ba. Muka jiƙe sharkaf, Inna tana daga rumfa tana cewa uba da 'ya duk hankalinsu ɗaya.

Can tsakiyar damina sababbin saiwoyin suka fito, sirara, tsaye, suna kallon sama. A nan ne Baba ya sha fama da kansa. Inna ta ba ni labarin ranar da ta hango shi ya nufi itacen da taki cike da tafin hannu. Ya tsaya a gaban tsiron ya daɗe, sannan ya juya ya zuba wa barkonon da ke bayan ɗaki, yana waige ko an gan shi. Bayan haka ya ga busasshen ganyen mangwaro ya faɗo ya maƙale a tsakanin saiwoyin, ya ga wani ya biyo baya, ya ga tururuwa suna hawa da ɓurɓushi, ya ga tsuntsu ya sauka ya bar nasa rabon. Ya ce mini, “Kin ga ikon Allah? Takinsa daga sama ake aiko masa, ni ina can ina cusa masa na awaki.” Ranar ce na fara jin ya yi dariya, kuma ranar ya nemi ƙarin tuwo.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, ruwa ya ɗauke. Sabon karan ya yi kauri ya fi uwarsa tsawo. Da sanyi ya shigo, wata safiya ina shirin makaranta Inna ta kira ni a waya ta ce in biyo ta gida ko da zan makara.

Furanni ne guda biyar kacal, a kan ɗan siririn reshe. Amma su ne, ruwan ɗorawa da ɗigon ja, kuma ƙanshin ya cika tsakar gida har zaure. Baba yana jin ƙanshin, yana ganin rawayar, ɗigon ne idonsa ya kasa kamawa. Na ɗauki hotonsu a waya na buɗa masa da yatsa har fure ɗaya ya cika gilashin. Ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga ɗigon, ya gano ba guda biyu da zanensu ya zo ɗaya. Bakinsa bai daina tasbihi ba. Ya ce, “Ashe ba mafarki kika yi ba. Kuma duk wannan ado a saman giginya aka ajiye shi, inda ba mai gani.” Ni dai kuka nake yi, ban ma san na fara ba.

Na ga dama ta samu, na ce, “Baba, ka ga hannunka bai kashe shi ba.”

Ya ce, “Ya kusa. Kuma ba shi ya raya shi ba.” Na ja bakina, abin da ba kasafai nake iyawa ba.

Da damina ta zagayo, ranar shuka da sassafe ya fito da hularsa da sandarsa ya ce yaya ya ɗauke shi a babur. Labari ya iso mini, na bar komai na bi su Tudun Kaya zuciyata fal murna. Na tarar an sare ramuka, yaya ya durƙusa ya miƙa masa ƙoƙon iri da hannu biyu, maƙwabta sun matso da nasu. Baba ya yi addu'a aka shafa, sannan ya ce wa yaya, “Jefa abinka, Allah ya sa albarka. Ni a shimfiɗa mini tabarma a can gefe.” Bai jefa ba a ranar, kuma bai sake jefawa ba har yau.

Amma washegari ya ce a mayar da shi gonar, haka ma jibi. Rana ta huɗu na je kai musu fura da hantsi, na hango tabarmar ba kowa. Can na gan shi a tsakiyar gona, durƙushe a kan gwiwoyin nan masu ciwo, fuskarsa dab da ƙasa. Na yar da kwanon na ruga, na zaci faɗuwa ya yi. Ya ɗaga mini hannu alamar in taka a hankali.

Tsiron gero ne guda ɗaya, siriri kamar allura, ya tsaga ƙasa ya ɗago wani ɗan ɓawon laka da ya fi shi girma sau goma, yana ɗauke da shi a ka. Hawaye na bin gemun Baba.

“Uwata, shekara sittin ina zuba wannan a rami, ban taɓa tsayawa na ga fitowarsa ba. Kullum ina can gaba ina saran wani ramin.”

Na durƙusa kusa da shi. Muna nan rana ta ɗaga, har ɓawon lakar ya karkace ya faɗi gefe, tsiron ya miƙe. Da Baba ya zo tashi gwiwa ta ƙi, sai da na kira yaya muka kama shi ta kowane gefe.